Wutar Wa Ka Ɗiba?

Unguwar Jaji, ta hanyar Randagi,
14 ga Yuni, 1982.

Zuwa ga ƙanwata Susanna,

Ni da Martha da yara muna gaishe ki ƙwarai. Yaya Inna Alice, da fatan ƙafar ta daina damunta. Mu nan lafiya, sai zazzaɓin damina da ba ya tsallake gida. Masara ta kai gwiwa. Kaka Jaji ya ce in gaida amaryarsa ta Kaduna, in tambaye ta ko sakinsa ta yi ba ta gaya masa ba, tunda shekara huɗu ke nan ba ta leƙo tsohon mijinta ba.

Za ki ce Zakka ba ya ɗaukar alƙalami dominki sai ya shiga uku. Gaskiyarki, na shiga.

Kin ji labarin za a tashe mu. An faɗaɗa iyakar gandun daji, unguwarmu ta faɗa ciki, an yanka mana sabon wuri kusa da hanyar mota. Bayan girbi za mu tashi. A watan Afrilu jami'in ƙaura ya zo ya ce a rubuta masa sunayen masu gidaje, mai unguwa ya dangwala hannu. Ni ne malamin makaranta, don haka ni aka miƙa wa takarda.

Kin bar nan kina ƙarama, bari in tuna miki kiran wuta. Duk wanda ya zo zama a unguwar nan ba ya hura wutar kansa. Yakan ɗauki tsingaro ya je gidan wanda ya riga shi zuwa ya ɗibi garwashi, kuma gidan da ka ɗibi wutarsa ba ka ɗaga masa murya har ka mutu, kai da naka. Kowace shekara bayan girbi Bakoji, mai kiran wuta na unguwa, yakan tsaya gindin ɗorawa ya kira gidaje. Daga baƙon ƙarshe yake farawa: "Audi, wutar wa ka ɗiba?" Audi ya ce ta Yusha'u. A tambayi Yusha'u, shi ma ya faɗi tasa, ana hawa ana hawa har a kai kan Kaka Jaji, shi kuma ya ce, "Ba ta kowa ba, ni na ƙyasta." Daga nan a ci abinci.

To, Bakoji na kira ya zauna ya jero mini sunayen, shi kuwa hanya ɗaya ya sani. Na taɓa sa shi ya fara daga sama don wasa, a suna na huɗu ya ɓace. Yadda ya faɗa haka na rubuta: Audi na ɗaya, Kaka Jaji na sittin da uku. Ban ga aibu ba, a kunnena haka sunayen suke daidai.

Shekaranjiya safiyon da ke auna filaye yana kafa turaku a sabon wuri ya sha ruwa a gidana. Cikin hira ya ce lambar mutum a takarda ita ce lambar feginsa, wato filin da za a ba shi, domin gwamnati ta yi alkawari wanda ya fara zama shi zai fara samu. Fegi na ɗaya yana bakin rijiya, ga fadama a bayansa. Na sittin da uku yana can kan marmara, tafiyar mil ɗaya da rabi zuwa ruwa, da hawa. Susanna, kofin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Kin san gwiwoyin Kaka, kin san matarsa Kaka Safiyatu ba ta iya ɗaukar tulu yanzu, kuma ba namiji ko ɗaya da ya rage a gidan.

Safiyon ya ce takardar ta wuce Kaduna, an zuba ta a kwamfuta, a ofishin da kike aiki. Ban san yadda injin nan naku yake ba. Roƙona ɗaya ne: in ana iya kifa sunayen, na ƙasa ya koma sama, ki kifa su. Ban gaya wa kowa ba, ko Martha. Ki ba ni amsa da wuri, kafin kogi ya cika.

Yayanki,
Zakka Andrawus.

*

Kaduna,
29 ga Yuni, 1982.

Yaya Zakka,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Inna tana samun sauƙi, har ta fara zuwa sujada da ƙafarta. Ta ce a gaida Martha da kowa da kowa. Ka ce wa Kaka Jaji aure yana nan daram, amma amarya ba ta tarewa sai an yi mata ɗakin kwano kusa da rijiya.

Malam guda, mai koya wa yara ɗaya, biyu, uku, ya fara ƙirga daga wutsiya! Na yi dariya har Beatrice, abokiyar aikina, ta ɗago kai. Da na kai wurin marmara kuwa na daina dariyar. A bayan Kaka Safiyatu na yi rarrafe, ba sai ka tuna mini ba.

Ga yadda abin yake. Sunayenku suna cikin fayil ɗaya mai suna gidaje, kowane gida layi ɗaya: sunan mai gida, yawan mutanensa, girman gonarsa. Na buɗe na gani, Audi a sama, Kaka a ƙasa, kamar yadda ka ce. Na kai wa maigidanmu na ofis maganar. Ya saurare ni, mutumin kirki ne, amma ya ce fayil ɗin kansa ba za a taɓa shi ba, dole ya zauna daidai da takardar da mai unguwa ya dangwala wa hannu, in masu bincike sun zo su ga abu ɗaya. Na ce to a bar shi yadda yake, a juya sunayen a hanya, lokacin da suke fita zuwa bugawa. Ya ce wannan ba laifi.

Ba wuya gare shi ba. Akwai abin da muke kira shel, shi ke karɓar umarnin da muka rubuta ya miƙa wa injin. Akwai gajeren umarni, tail -r, mai karanto fayil daga ƙasa zuwa sama, amma ban yarda da shi ba, abin da yake iya riƙewa ƙayyadadde ne, in fayil ya yi masa yawa sai ya zubar da na sama bai ce komai ba. Ba na so in gyara wa Kaka in ɓatar da Audi. Sai na bi doguwar hanya:

cat -n gidaje | sort -nr | sed 's/^.......//'

Kada ka tsorata da shi. Na farko yana manna wa kowane layi lamba, ɗaya zuwa sittin da uku. Na biyu yana jera su daga babbar lamba zuwa ƙarama. Na uku, mai ɗigo bakwai ɗin, yana yanke lambobin ya yar. Sandunan da ke tsakani kamar miƙa kwarya ne daga hannu zuwa hannu. Na gwada, Jaji ya fito a layin farko, na ƙirga sittin da uku cif, ba wanda ya faɗi a hanya.

Na sa wannan layin a cikin shirin da zai buga takardun fegi, ya zauna can. Ranar 20 ga Agusta za a buga. Ko ina nan ko ba na nan, da an tayar da shirin zai juya sunayen da kansa. Na faɗi haka ne don za a tura ni kwas Legas daga farkon Agusta, wata guda.

Yanzu ka buɗe kunnenka, don na san halinka na rashin zama wuri ɗaya. Injin nan bai san Jaji ba, bai san Audi ba. Abin da ya tarar a sama shi zai kai ƙasa. Saboda haka kada ka sake aiko da komai, kada ka gyara komai, kada ka je wurin kowa. An gama. Ka je ka yi noman masararka.

Zan ba direban da ke zuwa Birnin Gwari wannan, ya ajiye a shagon mai magani, a ba duk wanda zai shiga wajenku.

Ƙanwarka,
Susanna.

*

Unguwar Jaji,
25 ga Yuli, 1982.

Susanna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Muna nan da rai. Ƙaramarmu ta yi kwana biyar tana zazzaɓi, ta tashi.

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da na rubuto miki. Na ƙirga su, tunda ƙirga ce kaɗai aikin da ya rage mini. Ban ji komai ba. Na ce ko wasiƙar ta ɓace, na ce ko ba kya nan, daga baya na ce ko dai Kaduna ta sa kin ga maganar ƙauye ba ta kai a ɓata tawada ba. In na zalunce ki da wannan zato ki yafe, amma na yi shi, kuma ina jin haushinki.

Kogi ya cinye gadar katako tun ƙarshen Yuni. Babur ba ya fita, keke ba ya fita. Mai kwalekwale ɗaya ne, shi ma sai ya ga dama, kuma sau biyu na je bakin ruwa ya ce ba zai ɗauki mai iyali a wannan igiyar ruwan ba. Gaba ruwa, baya daji da ma'aikatansa, ko itace ba a bari mu saro yanzu. Kullum da yamma Kaka yakan sa a fito masa da kujera, ya kira ni in zauna, ya riƙa tsara mini inda zai dasa lemo a bakin rijiya. Yana cewa, "Malam, kai ka rubuta, ai ba fargaba." Ni kuwa in ce, "Haka ne, Kaka." Abinci ya daina yi mini daɗi, Martha har ta fara zargin wani abu dabam.

Da na ga zaman ba zai fisshe ni ba, na yi abin da zan iya. Na sake rubuta sunayen da hannuna, wannan karon Kaka Jaji na ɗaya, Audi na sittin da uku. Na kai wa mai unguwa na ce ta farko ta jiƙe, ya dangwala bai tambaya ba. Ƙarya na yi masa, Allah ya gafarta mini. Ranar Talata safiyon nan ya ƙetare da mutanensa a jirgin gwamnati, na damƙa masa ita, ya yi alkawari zai kai ofishinku hannu da hannu, a cire tsohuwar a sa sabuwar.

Don haka ki kwantar da hankalinki, na ɗauke miki wahalar. In ba ki yi komai ba, ba komai. Jiya na yi barci har gari ya waye, karo na farko tun Yuni.

Wani mai sayen zuma zai gwada ƙetarewa cikin makon nan, shi zan ba wannan ya jefa a gidan waya.

Zakka.

*

Kaduna,
6 ga Satumba, 1982.

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba yau, ka yi haƙuri.

Jiya na dawo daga Legas, na tarar da wasiƙarka ta 25 ga Yuli a kan tebur. Hatimin gidan waya ya nuna sai 24 ga Agusta aka jefa ta. Ina tsaye na karanta. Da na kai inda ka ce ka sake rubuta sunayen, sai na jawo kujera na zauna. Ashe tawa ba ta same ka ba.

Yau da sassafe na shiga ɗakin injin na buɗe fayil ɗin. Jaji a sama, Audi a ƙasa, daidai yadda ka so. Safiyonka ya cika alkawari. Takardar ta iso ranar 9 ga Agusta, maigidanmu yana hutu, mataimakinsa ya ga hannun mai unguwa a jiki, ya ba Beatrice ta sake bugawa. Ta buga da kyau, ko harafi ba ta kuskure ba. Ba ta san da layina a cikin shirin ba, ni ban gaya mata ba, na ɗauka ba abin da zai taɓa fayil ɗin. Ranar 20 aka tayar da shirin, ya tarar da Kaka a sama, ya yi abin da na sa shi.

Kai ka juya, ni na juya. Takardun sun fito kamar ba wanda ya taɓa su: fegi na ɗaya Audi, na sittin da uku Jaji.

Na je wurin maigidanmu ina kuka, ban ji kunya ba. Na ce minti biyu ya ishe ni, in cire layin in sake bugawa. Ya ce ya sani, amma takardun sun bar hannunmu tun 23, an sa musu hannu, an buga hatimi, an shigar da lambobin a rajistar filaye, kwafi ya tafi Birnin Gwari. Ya ce abin da ya shiga rajista ba ya fita sai da umarni daga sama, kuma wanda zai nemi umarnin sai ya fara bayanin yadda aka yi takarda biyu masu hannun mai unguwa ɗaya, da wanda ya ba ni izinin juya sunaye. Ya dube ni, na dube shi. Na gane ba zai rubuta ba.

Na koma na zauna gaban injin. Na cire layin, na tayar da shirin don kaina, sunayen suka fito daidai, Jaji a fegi na ɗaya. Takardar tana cikin jakata yanzu, ba hatimi, ba ta da amfanin komai.

Da na sa shirin ya duba sunan farko kafin ya juya, da bai faru ba. Layi ɗaya ne shi ma, na san yadda ake rubuta shi. Ban yi ba don na tabbata da kaina. Ka ce kana jin haushina. Ka ci gaba da ji, yanzu da dalili.

Susanna.

*

Unguwar Jaji,
17 ga Oktoba, 1982.

Ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Inna. Ruwa ya ja, an ɗaura sabuwar gada, an fara yankan dawa. Kowa lafiya a gidana.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Da hanya ta buɗe na hau keke zuwa Birnin Gwari, mai magani ya zaro su daga bayan kwalabe, ta Yuni har ta yi ja don daɗewa. A kan bencinsa na karanta, ta farko sannan ta biyu. "Kada ka gyara komai." Sau nawa na karanta wannan layin ban sani ba. Mai maganin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Zaton da na yi miki na janye shi, kunyarsa ta ishe ni.

Ranar Litinin da ta wuce jami'in ƙaura ya zo ya karanta takardun a gindin ɗorawa. Da ya ce, "Fegi na ɗaya, Audi," mutane suka yi murmushi, sun ɗauka kiran wuta yake yi irin namu, har wata tsohuwa ta ce ashe gwamnati ta san ladabi. Sai da ya kai wajen na goma, yana miƙa wa kowa takardarsa, aka fara fahimta. Kaka yana kan kujerarsa, ya jira har aka zo kansa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode.

Audi ya yi abin da ban zata ba. Ya tashi ya ce shekararsa uku kacal a nan, ba zai sha ruwa a bakin rijiya Kaka yana kan dutse ba, a musanya. Jami'in ya ce suna da lamba a haɗe suke, wanda ya zauna a fegin da ba nasa ba zai rasa nasa, ya jawo wa ɗayan ma. Ya ce hanya ɗaya ce, gidaje sittin da uku su sa hannu gaba ɗaya a nemi a sake rabo. Kwana huɗu ina yawo da takarda. Na sami hannu arba'in. Sauran ba mugaye ba ne, Susanna. Yusha'u ya ce mini, "Malam, bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa, yau Allah ya ba ni fadama, in ce ba na so?" Na naɗe takardata na wuce gida na gaba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Gidan babana shi ne na talatin da biyu. Ki ƙirga: talatin da ɗaya a samana, talatin da ɗaya a ƙasana. Ko an juya ko ba a juya ba, fegina ɗaya ne. Duk unguwar nan ni kaɗai ne abin bai motsa ba, ni da na jawo shi.

Mutane sun sami wanda za su ɗora wa. Sun ce injin Kaduna ne, wasu kuma sun ce 'yar Alice ce da ke aiki a wurin, ta manta da asalinta. Ina jin su, ban ce komai ba. Kwana shida ke nan ban ce komai ba, shi ya sa nake gaya miki.

Yayanki,
Zakka.

*

Kaduna,
2 ga Nuwamba, 1982.

Yaya Zakka,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Ka bar su su ce ni ce. Rabin maganar gaskiya ne, kuma ni ina nesa, zagin ba ya ƙetare kogi. Kai kuwa a cikinsu kake, 'ya'yansu kake koyarwa, rijiya ɗaya Martha za ta riƙa zuwa da matansu. In ka buɗe baki ba zai matso da fegin Kaka ko taku ɗaya ba.

Na rubuta takardar koke da sunana, na kai sama da kaina. An karɓa, an sa mata lamba, an ce in dawo bayan sabuwar shekara. Na san ma'anar wannan.

Kullum sai na wuce ta gaban injin nan sau ashirin. Na roƙa a mayar da ni wani sashe, an ce ba mai maye gurbina. Ka gaya wa Kaka... a'a, kada ka gaya masa komai. Ban san da wane baki amarya za ta gaishe shi ba.

Susanna.

*

Sabon wuri, fegi na 32,
19 ga Disamba, 1982.

Susanna ƙanwata,

Muna gaishe ki daga sabon wuri, har yanzu ba a raɗa masa suna ba. Mun tare lafiya, ba abin da ya fashe sai randar Martha. Ki gaida Inna, kuma ki gaya mata, gara ta ji daga bakinki.

Ban bi shawararki ba. Ranar kiran wuta na ƙarshe a tsohuwar unguwa, bayan Kaka ya ce "ni na ƙyasta," kafin a sa hannu a abinci, na tashi na faɗi komai: takardar farko, ƙaryar da na yi wa mai unguwa, takarda ta biyu, da wasiƙarki da ta kwana wata uku a bayan kwalabe. Ba wanda ya zage ni a wurin. Washegari yara goma sha tara ba su zo makaranta ba. Matan gidajen da suka rasa suka daina amsa gaisuwar Martha. Kaka bai sake sa a kira ni hira ba.

Motar gwamnati ta kwashe mu bisa lamba, gida shida a rana. Audi ya fara sauka, ya hura wuta da ashana. Na biyu ya ɗiba a wurinsa, na uku a wurin na biyu, haka har aka zo kaina. Kaka shi ne na ƙarshe. Kwana biyu ya yi a kangon unguwa daga shi sai Kaka Safiyatu da gidaje biyu. Ya cika tukunya da garwashin murhunsa, wutar da bai bari ta mutu ba shekara hamsin da bakwai, ya rufe da toka zai taho da ita. Direba ya ce ba za a sa wuta a motar da ke ɗauke da garwar fetur ba. Bakoji ya ce zai ɗauko ta a ka, mil goma sha ɗaya. Kaka ya ce a'a, a juye. Da hannunsa ya zuba mata ruwa.

A bisa al'ada wurin na sittin da biyu zai ɗiba, taku ashirin daga ƙofarsa. Ranar Alhamis da la'asar ina gyaran danga na ji unguwa ta yi shiru. Na ɗaga kai, sai ga Kaka yana gangarowa daga kan marmara, sanda a hannu ɗaya, tsingaro a ɗaya. Ya wuce na sittin da biyu. Ya wuce na hamsin. Mutane suka fito suka tsaya a ƙofofinsu, duk wanda ya matso zai kama shi sai ya girgiza kai. Ya fi rabin awa kafin ya iso, yana tsayawa yana hutawa. A ƙofata ya tsaya, ya yi sallama kamar bai san gidan ba, ya ce, "Malam, a taimaki baƙo da wuta."

Na durƙusa na ce, "Kaka, ka dake ni da sandar nan ya fi mini." Ya ce, "Ban zo duka ba, Safiyatu tana jira ta ɗora tukunya." Martha ce ta ɗebo. Ya karɓa, ya juya ya dubi mutanen da suka taru, ya ce, "Kun ga inda na ɗiba." Bai ƙara ba. Duk wanda ke wurin ya san wutar kowa a tsohuwar unguwa daga tasa ta fito, kuma ya san abin da ke kan wanda ya ɗibi wutar wani gida: ba ya ɗaga masa murya, shi da nasa. Ranar Juma'a yaran nan goma sha tara suka dawo aji.

Ya rufe bakin kowa a kaina, Susanna, amma bai sauko daga kan dutsen ba. Ni da Audi muke kai musu ruwa, garwa biyu da safe, biyu da yamma. Lemon da ya taho da shi a gwangwani ya dasa a bayan ɗaki, sai da muka fasa marmara da diga.

Na raka shi gida ran nan, ina riƙe da tsingaron. A hanya ya ce in rubuta miki. Ya ce ɗakin kwano kusa da rijiya bai samu ba, amma amarya ta zo ta ga wanda ya samu, kuma ta zo lokacin girbin baɗi, don ta ji kiran wuta. Bakoji ya riga ya fara haddar sabon jerin, yana yi yana kuka. Da Kaka zai fara. Zai ce, "Jaji, wutar wa ka ɗiba?" Kaka kuma zai ce, "Ta Zakka." Haka zan ji baɗi, da kowace shekarar da Allah ya ara masa.

Ki zo. Ba zan iya tsayawa a wurin ni kaɗai ba.

Yayanki,
Zakka Andrawus.